Lallaɓa da Lambar Maƙwabci

Ni da Lallaɓa taubasai ne, babansa wan innata ne uwa ɗaya uba ɗaya. Wata ɗaya aka haife mu, amma in ka ji innata na ba da labari sai ka rantse shi da hankalinsa a hannu ya zo duniya, ni kuwa nawa aka manta shi a ƙarƙashin gadon asibiti. Tun ina rarrafe nake jin magana ɗaya: "Ka dubi ɗan kawunka." Na dube shi har idona ya gaji, ban ga komai ba sai wani siririn yaro mai dogon wuya da ke tauna loma kamar yana ba ta haƙuri.

Sunan ma ni na laƙaba masa, kuma ya bi shi har gidan surukansa. Wata rana Kawu ya sayo sabuwar rediyo, aka ce Lallaɓa ya ɓare takardar da ke manne a jikinta. Wallahi har aka gama labarai aka shiga gaishe-gaishe bai kai rabinta ba, wai kada ya bar tabon gam. Na ce, "Kai dai lallaɓa!" Shi ke nan, suna ya zauna.

Makaranta kuwa ni na bar ta tun kafin ta bar ni. Shi ya zauna ya gama, ya koyi gyaran kwamfuta wajen wani tsoho mai tabarau, daga baya ya koyi zane a cikinta. Yanzu ga mu a gini ɗaya, doguwar filaza mai hawa biyu. Shi yana sama, shago na ƙarshe a hannun dama, da ƙofa da labule da kujerar baƙi. Ni ina ƙasa a gindin matakala da teburina na caja da rigunan waya, rana ta duke ni da safe, ruwan indararo ya ɗiga mini da damina. Har a gini shi ne a samana. Kada wani ya ce mini wannan ba shiri ba ne.

Abin da ke riƙe da shagonsa mutum ɗaya ne, Baba Kafinta. Tsoho ne mai babban wurin aikin katako a bayan layinmu, yana yin gadaje da kabad da kayan kicin. In mai saye ya zo, Baba ba ya yanka ko falle ɗaya sai Lallaɓa ya zana masa kayan a kwamfuta, su fito kamar an ɗauke su hoto a cikin ɗaki, har da hasken taga da inuwar ƙafar kujera. Mai saye ya gani ya ce a rage nan, a ƙara can, sannan a ɗauki zarto. Ka cire Baba Kafinta daga rayuwar taubashina, abin da zai rage shi ne goge ƙura da canza maɓallan da yara suka ɓalle. Shi ya sani, ni na sani, matarsa ma ta sani.

Wannan zane kuwa wani abu ne a cikin kwamfutar ke yin wahalarsa, katin hoto suke ce masa. Faffaɗan abu ne kamar tafin hannu biyu, da fanka biyu a jikinsa, duk abin da ka gani a sikirin shi ya zana. Na Lallaɓa ba sabo ba ne, na hannu ya saya, amma kulawar da yake ba shi ko jaririn da aka haifa bakwaini sai haka. Ya kwance shi, ya hure ƙurar da bulowa yana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa a banza, ya goge tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar katin, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ni da na yi zazzaɓi kwana da kwanaki, ta waya ya gaishe ni.

Sai kuma abin da ya fi shahara a kai, wato ƙara wa kati gudu. Wai kamfani yakan bar wa kowane kati ɗan sauran ƙarfi da ba a taɓa ba, mai haƙuri zai iya tatso shi. Akwai wata manhaja mai layuka kamar na rediyon mota, ka ja wannan gudun ƙwaƙwalwa ya ƙaru, ka ja wancan gudun ma'ajiya ya ƙaru. Na taɓa zama na kalle shi yana yi, kuma ba zan ƙara ba.

Ya ja layin ɗan mitsitsi. Ya kunna wani gwaji, wani gari na ƙarya mai duwatsu da hayaƙi ya yi ta juyawa a sikirin. Ya naɗe hannu ya zuba masa ido.

Na ce, "To, an gama?"

"An fara dai."

"Me muke jira?"

"Ɗigo. In ka ga ɗigo kore ko ja, ko wani layi ya gifta, ko hoton ya ƙifta, ka faɗa mini."

"In ban gani ba fa?"

"Sai in ƙara kaɗan mu sake kallo."

"In na gani fa?"

"Sai in koma baya. Ba inda na tsaya na ƙarshe ba ma, bayan nan."

Idonsa ɗaya na kan garin, ɗaya na kan wata lamba a kusurwa mai nuna zafi. In ta doshi tamanin sai ya ƙara wa fanka gudu, in ta ƙi sauka ya janye abin da ya ƙara. Ba ya ja layi biyu a lokaci guda, wai in abu ya ɓaci ba zai san mai laifi ba. Akwai layi ɗaya na ƙarfin wuta da ko kallonsa ba ya yi. Na kai hannu wajen maus na ce bari in taimaka, ya buge mini hannu kamar na taɓa tukunyar uwarsa.

"Wannan shi ke gasa kati. Sauran in ka wuce gona kwamfuta ce za ta yi fushi ta mutu, ka tashe ta. Wannan kuwa sai dai ka yi jana'iza."

Na ce, "To ka tambayi masu irin katinka lambar da suka sa mana, ka huta ka hutar da mu."

Ya dube ni irin kallon da innata ke yi mini. "Rediyo," haka yake kirana, wai bakina ba ya mutuwa, "ni da kai kaka ɗaya muke. Halinmu ɗaya?"

"Allah ya kiyaye."

"To haka kati. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, kwali ɗaya, amma abin da wannan zai ɗauka wancan ba zai ɗauka ba. Lambar wani ba ta yi wa wani aiki."

Ranar na sauko na tarar an ɗauke mini caja biyu a tebur, shi kuwa bai ko kai rabin gwajinsa ba. Da ya samu inda katin ya tsaya lafiya ma bai yarda ba sai da ya bar shi yini guda yana aikin gaske. Sannan ya dangwala ɗan akwatin da ke sa kwamfuta ta riƙa tashi da saitin kullum. Mutanen filaza suka ji labari, masu shagon wasannin kwamfuta suka riƙa hawowa da akwatunan kwamfutocinsu a ka. Kowa "Lallaɓa, Lallaɓa." Kowa kuma ta gaban teburina yake wucewa, ba mai cewa ko sannu da rana.

Ana haka sai shagon da ke kallon nasa, na hannun hagu, ya samu sabon ɗan haya. Wani matashi ne fari mai gemu kamar an zana da biro, shi ma zane yake yi da haɗa bidiyo. Mai Ƙyalli muka sa masa, saboda akwatin kwamfutarsa gilashi ne, cikinsa fitilu ja da shuɗi suna zagayawa kamar motar ɗaukar amarya. Ga na'urar sanyaya ɗaki, in ya buɗe ƙofa har ƙasa nake jin sanyin a ƙeyata. Ya kuma kafa wani ƙaton sikirin yana fuskantar baranda, kowa ya wuce ya gani.

Ni na fara ganowa, don ni ba abin da ke shiga ginin nan ban san launin wandonsa ba. Katin Mai Ƙyalli da na Lallaɓa iri ɗaya ne sak. Kuma a kan ƙaton sikirin nan, ga manhajar mai layuka a buɗe, layin ma'ajiya an ja shi har ya kusa faɗowa ta ɗaya gefen. Inda taubashina ya tsaya a ɗari shida yana haki, wannan ya haura dubu da ɗoriya yana shan lemo.

Na hau sama da gudu, aikin alheri ba ya jira.

"Taubashi, ka ga abin da na gani?"

"Ina aiki."

"Katinka fa ashe jaki ne. Ga ɗan'uwansa can ya zama doki."

"Kowa da nasa."

"Haka ne. Wani nasa gudu, wani nasa haƙuri."

Bai ɗago ba. Amma na ga kunnensa ya motsa. Shekara da shekaru ina neman abin da zai motsa kunnen nan.

Daga ranar mutumina ya kamu da ciwon fitsari. Banɗakin sama a ƙarshen baranda yake, sai ka bi ta gaban sikirin ɗin Mai Ƙyalli. Mutumin da a da yakan yini bai tashi daga kujera ba, yanzu sau dubu yake wucewa da buta, wuyan nan a karkace kamar na zakara. In ya dawo ya zauna ya dubi nasa akwatin, baƙi, mara gilashi, gefe ɗaya da tabon tsatsa, ya yi tsaki a hankali don kada in ji. Ina ji. Matarsa ta ce mini a gida ma ya daina cin abinci da kyau, wai ya tambaye ta ko ta ga ya tsufa.

Na ce mata, "Ba shi ya tsufa ba, katinsa ne."

Abin da ya ƙarasa shi kuwa Baba Kafinta ne. Tsoho ya hawo da awonsa a aljihu, fensir a bayan kunne, ya kai saman matakala sai fitilun nan suka kama masa ido. Ya tsaya. Mai Ƙyalli ya fito da fara'a har kunne, ya gaishe shi da hannu biyu, ya jawo masa kujera a cikin sanyi. Baba bai daɗe ba, amma da ya shigo wajen Lallaɓa yana share zufa sai ya ce, "Kai, yaron can injinsa gudu gare shi. Kafin in ƙifta ido ya juya mini gida guda. Naka fa, ɗana, ba ya jin an taɓa shi ne?"

Lallaɓa ya yi dariya, irin wadda haƙora kawai ke yi. "Yana ƙoƙari, Baba."

"To ya ƙara ƙoƙari. Babban aiki na kawo."

Wata mata ce ta gina gidan saukar baƙi, tana son gadaje da kabad da teburan kowane ɗaki, da kicin gaba ɗaya. Aikin da Baba bai taɓa samun irinsa ba. Ta ce ba za ta ba kowa ba sai ta ga hoto, kuma akwai wani kafinta da shi ma yake zawarcin aikin. Za ta zo wurin Baba jibi da yamma.

Ku ji fa, jibi. Lallaɓa ya gama tsara zanen washegari da hantsi, saura kati ya fitar da hotunan, wato ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cika haske da inuwa. Da saitinsa na kullum zai gama a jibin da safe, da sauran lokacin shan shayi har da miƙe ƙafa. Ba wanda ya kore shi. Amma ina zaune a kujerar baƙi ina cin gyaɗarsa sai na ga ya tashi da buta, ya je, ya dawo butar a cike yadda ya tafi da ita. Ya zauna. Ya buɗe manhajar. Ya kama layin ma'ajiya ya ja shi fuuu har lambar maƙwabci, ya ƙara wa na ƙwaƙwalwa a tare.

Gyaɗa ta sarƙe ni. "Kai! Wa ya mutu?"

"Yau Baba zai karɓi aikinsa. Yau ɗin nan."

"Ba kai ka ce lambar wani ba ta..."

"Kati ɗaya ne, Rediyo. Kwali ɗaya. Me yake da shi da nawa ba shi da shi?"

"Fitila."

Bai yi dariya ba. Ya kunna garin nan mai duwatsu, bai bari ya zagaya ko sau ɗaya cikakke ba ya kashe. "Ka gani? Lafiya lau." Ya dangwala ɗan akwatin tashi da saiti. Ya saki aikin.

Ni fa ba ruwana, baƙo ne ni a kujerar baƙi. Na dai gyara zama, don irin wannan ba kullum ake samu ba.

Fankokin suka ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi daga cikin shagon. Labule na kaɗawa. Lambar zafi ta hau, ya juya mata ƙeya. Hotuna suka riƙa faɗowa cikin jakarsu, 'yan ƙanana kamar tambarin wasiƙa, shi kuwa yana leƙen baranda ko Mai Ƙyalli na jin ƙarar. Kafin la'asar an gama. A da sai ya buɗe kowane hoto ya cika sikirin da shi, ya bi shi lungu-lungu har ƙasan gado. Ranar kuwa kallo ɗaya ya yi wa ƙananan, ya kwashe a filas, ya kira Baba.

"Baba, aikinku ya kammala."

Ina jin muryar tsoho ta waya: "Yau? Kai ɗana, Allah ya yi maka albarka! Bari in kira ta, dama ta ce tana kusa."

Na rufe teburina na bi shi. In za a yaba masa, gara in ji da kunnena in san abin da zan yi baƙin ciki a kai.

Wurin Baba ƙamshin katako da gam, garin zarto har idon sawu. A ɗan ofishinsa akwai talabijin babba a bango don nuna wa masu saye. Matar ta zo, doguwa mai tabarau a goshi, makullin mota a hannu, irin waɗanda ba sa zama sai an goge kujera. Baba sai washe baki yake: "Ranki ya daɗe, jibi na ce, ga shi yau. Haka muke aiki a nan."

Aka sa filas. Hoton farko ya cika bango.

Kicin ne, fari tas, kyakkyawa. Sai dai tun daga kabad na sama har ƙasa an yayyafa masa ɗigo kore da ruwan hoda, birjik, kamar an watsa gero. Matar ta sauko da tabarau daga goshi zuwa ido.

"Baba, kabad ɗin ƙyanda ya yi?"

Baba ya dubi Lallaɓa. Lallaɓa ya danna na gaba. Gado ne, an raba shi biyu da wani baƙin layi, rabi ya hau sama rabi ya sauka. Na gaba, ƙofar kabad ta tarwatse kamar an jefi madubi. Na gaba, tebur lafiyayye, amma inda ƙafarsa ta huɗu take sai wani baƙin murabba'i.

"Wannan ƙafa uku za ku yi mini?"

"A'a, ranki ya daɗe, inji ne..."

"Injin ne zai kwana a kan gadon ko baƙina?"

Ni dai na shige bayan wani allon katako, don dariyar da ta taso mini in ta fito sai an kore ni daga dangi. Na cusa hula a baki. Ta gefen allon nake hango taubashina, wuyan nan ya ƙara tsawo, zufa na bin sa, yana danna na gaba, na gaba, ko Allah zai sa a samu ɗaya mai lafiya. An samu biyu. Na banɗaki ne.

Matar ta mayar da tabarau goshi. Ta ce ita ba ta ce a yi sauri ba, jibi ta ce, wato gobe ke nan, kuma ranar tana nan. In ta zo ta ga irin wannan, ɗaya kafintan ya gode. Ta fita, garin zarto na tashi a bayanta.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire fensir daga bayan kunne ya juya shi a hannu. "Ɗana, shekarun nan ban taɓa duba aikinka kafin in nuna ba, saboda na san ka duba. Yau ka sa na yi wa mace alfahari da gado mai karaya." Lallaɓa ya buɗe baki, tsoho ya ɗaga hannu. "Ba zan iya sake gwadawa da kai a wannan ba. Ka kwashe zanen ka kai wa yaron can ya fitar mini."

Muka kamo hanyar dawowa. Ni da ake kira Rediyo har na rasa tasha. Muna shiga shago muka tarar sikirin baƙi ƙirin. Ya tayar da kwamfutar, ta taso, ta ɗauki saitin nan da ya ce ta riƙa tashi da shi, ta yi ƙifta biyu ta sake mutuwa. Ya sake, ta sake. Kamar mai farfaɗiya.

Na ce, "Ya ƙone ko?" Kuma Allah ya sani a nan ba tsokana nake yi ba, don in katin nan ya tafi, a teburina za a ƙare, ni kuma tebur ɗin ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Ban taɓa wuta ba," ya ce a hankali. Ashe ko a cikin haukarsa bai kusanci layin nan ba. Ya tashe ta ta wata hanya da take tashi tsirara, ba ta ɗauko manhajar komai, ya shiga ya cire saitin, ya mayar da komai yadda kamfani ya yi. Ta tashi lafiya. Ya kunna garin duwatsu, ba ɗigo ko ɗaya. Katin na nan da ransa. Aikin ne ya tafi.

Ya kwashi zanen ya tsallaka baranda. Taku kaɗan ne, amma ya yi shi kamar mai hawa dutse. Na bi shi, don sanyi.

Mai Ƙyalli ya karɓe mu da mutunci, har da lemo. Ya sa filas, ya buɗe zanen, ya ce, "Kai, yallaɓai, hannunka na da kyau." Sannan ya buɗe manhajar mai layuka, a gabanmu, ya danna wani maɓalli. Layin nan da ya hana taubashina barci ya zame ya dawo baya, baya, har ƙasa da inda Lallaɓa yake tsayawa.

Lallaɓa ya ce, "Me ka yi?"

"Na sauke shi mana. Aiki zan yi."

"Waccan lambar fa?"

Yaron ya kwashe da dariya. "Ta baranda? Ai ta talla ce, yallaɓai. Masu wasanni in sun gani sai su shigo. Ba komai katin ke yi a lokacin, hoton lambar kawai yake nunawa. In na sa shi aiki a haka, kafin ka sha rabin lemon nan ya watsa mini ƙasa a ido. Ni tsoro nake ji, ban iya irin naka ba. Dama ina so in roƙe ka ka saita mini, an ce duk ginin nan ba kamarka."

Na dubi taubashina. Lemon na hannunsa, bai sha ba, bai ajiye ba. Wannan fuskar na jira tun muna yara, na ɗauka ranar da na gan ta sai na yi rawa a kan titi. Amma da na ga yaron nan mai gemun biro yana juya zanen ɗan kawuna a sikirinsa, yana zuƙowa yana nisantawa kamar nasa, sai haushin yaron ya kama ni. Wa ya ba shi? Shekara nawa na yi ina haƙon mutumin nan, wani ya zo jiya-jiya da fitila ya kayar da shi ba tare da ya ma sani ba?

Na ce, "Lemon naka ma ba sanyi." Ƙarya nake, haƙorana har ciwo suke.

Matar ta ga hotunan a ranar da ta ce, ta ba Baba aikin. Sunan Mai Ƙyalli ne a bakin tsoho har aka gama gadajen. Yanzu in ya zo, ina ganinsa daga gindin matakala, ya hau yana riƙe da ƙarfen matakalar, in ya kai sama ya karkata hagu. Yakan ɗaga wa Lallaɓa hannu daga baranda. Lallaɓa yakan miƙe tsaye ya amsa, ya koma kan maɓallan da yara suka ɓalle. Na daina sayar wa Mai Ƙyalli caja mai kyau, ta ƙasan tebur nake ba shi.

Rannan da hantsi ina sama ina taya shi zaman jiran aiki, sai ga inuwa a labule. Baba ne. Bai shigo ba, kansa kawai ya turo, ya miƙo wani guntun katako da ya yi zane a jiki da fensir.

"Kujera ce 'yar tsuguno, ta jikata. Guda ɗaya. Yaron can ya ce ba shi da lokacin ƙananan abubuwa."

Lallaɓa ya karɓa da hannu biyu. "Yaushe kuke so, Baba?"

"Yaushe za ka gama?"

Ya dubi katakon, ya dubi kwamfutarsa. Kujerar da ko ni zan iya zanawa da gawayi. "Ku ba ni zuwa jibi."

"Jibi? Don 'yar wannan?" Tsoho ya dube shi, sannan ya gyaɗa kai. "To. Jibin." Ya saki labule, muka ji takunsa ya nufi hagu.